Kulob ko tawagar ƙasa: wa zai kai labari idan aka haɗu a fili?

Ranar 28 ga Afrilun 1999, Barcelona ta gayyaci tawagar Brazil zuwa Camp Nou domin bikin cikarta shekara 100 da kafuwa. Aka tashi 2-2. Luis Enrique da Phillip Cocu ne suka ci wa Barcelona, Ronaldo da Rivaldo suka ci wa Brazil. Abin lura shi ne, a lokacin Rivaldo ɗan wasan Barcelona ne, shi ne ma tauraronta, kuma a wannan shekarar ya lashe Ballon d'Or. Sai ga shi a filin da yake karɓar albashi, sanye da rigar ƙasarsa, yana jefa ƙwallo a ragar abokan atisayensa.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo lokacin da aka dakatar da Firimiya saboda wasannin ƙasashe ya ji wannan musun: shin Real Madrid za ta iya da Faransa? Manchester City fa, ƙwallo nawa za ta zura wa Ajantina? Wasan na 1999 ya nuna ƙullin farko da ke cikin tambayar. Mutanen da ake son a gwada, su ne dai a ɓangarorin biyu. Idan Madrid ta kara da Faransa, wa zai ɗauki Mbappé? In ka ba Faransa shi ka rage wa Madrid ƙarfi, in ka ba Madrid ka cire wa Faransa kyaftin ɗinta. Dole mai musu ya ɗauka kamar kowane ɗan wasa yana da ɗan tagwai. To, mu ɗauka hakan, don tambayar ta cancanci a amsa ta.

Amsata ita ce babban kulob ya fi tawagar ƙasa ƙarfi, har da wadda ke riƙe da Kofin Duniya. Amma ba don dalilin da aka fi faɗa ba, wato yawan taurari. Abin da ya raba su lokaci ne, sannan kasuwa.

An yi irin waɗannan wasanni jefi-jefi, kuma bai kamata a ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu ba. A Fabrairun 1989 Arsenal ta doke Faransa ta Michel Platini da ci 2-0 a Highbury, sai dai Faransar lokacin ko gurbin Kofin Duniya na 1990 ba ta samu ba, ita kuwa Arsenal a wannan kakar ta ɗauki kofin lig na Ingila. A Janairun 1969 Santos ta Pelé ta zo Legas ta yi canjaras 2-2 da Green Eagles, wato tawagar Najeriya ta lokacin. A Mayun 2018 Atlético Madrid, kwanaki kaɗan bayan ta ɗaga kofin Europa, ta zo Uyo ta ci Super Eagles 3-2, amma waɗanda suka buga mata galibi 'yan wasan cikin gida ne, manyan suna shirin tafiya Rasha. Duk na sada zumunta ne. Babu wanda zai sa ƙafarsa a inda za ta karye saboda wasan biki. Hujjar gaske tana wani wurin.

Mu fara da lokaci. Har zuwa 2025, a shekarar da babu babbar gasa, kocin ƙasa kan ga 'yan wasansa kusan sau biyar, kowane zuwa kwana tara ko goma, kuma a cikin kwanakin akwai wasa biyu da tafiye-tafiye. Wanda ya buga wa kulob ɗinsa ranar Lahadi ba zai yi atisaye mai nauyi ranar Litinin ba, jikinsa na neman hutu. Wani sai Talata zai iso sansani saboda jirgi. Kafin a ankara ranar wasa ta zo, atisayen kirki bai wuce biyu ko uku ba. Kafin Kofin Duniya na Qatar ma, ranar 13 ga Nuwamban 2022 aka tsayar da manyan gasannin Turai, ranar 20 aka take wasan farko. Mako ɗaya tak. Shi kuwa Pep Guardiola, a kakar 2022/23 da Manchester City ta ɗauki kofi uku, wasa 61 ya jagoranta, ban da atisayen kusan kullum na wata goma, ban da shirin gabanin kaka, ban da shekarun da ya riga ya yi yana cusa wa mutanen nan salonsa tun 2016.

Me lokacin yake saya? Abin da ke sa babban kulob na zamani ya zama abin tsoro ba ya ganuwa sosai a talabijin, domin kyamara ƙwallo take bi. Ɗauki matsa wa abokin karawa lamba tun daga gidansa. Ɗan gaba ba ya ruga wa mai tsaron baya haka kawai. Akwai alamar da aka yi yarjejeniya a kanta: wataƙila idan ƙwallo ta je ƙafar da ɗan bayan bai iya da ita ba, ko idan ya karɓa yana kallon ragarsu. Da zarar ɗan gaba ya motsa, na gefe ya toshe hanyar fasin, na tsakiya ya manne wa nasa mutumin, 'yan baya huɗu su tako gaba tare don kada fili ya buɗe a tsakani. Idan mutum ɗaya cikin goma ya makara da daƙiƙa guda, fasin ɗaya ya isa ya tsallake mutum biyar, sai ka ga gola shi kaɗai da abokin gaba. Haka tarkon satar gida yake. Haka fita da ƙwallo daga baya da gajerun fasin yake. Irin wannan aiki ba a koyon sa da bayani a kan allo, maimaici yake so har sai ƙafa ta riga tunani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi ya sa kocin ƙasa mai hankali ba ya ma gwadawa. Yana sauƙaƙa abin: a tsare gida, a rage kuskure, a ƙware a bugun kwana da na tazara, a jira tauraro ya yi abin da ya saba. Didier Deschamps ya ci Kofin Duniya na 2018 da wannan tsari, da ɗan gaba, Olivier Giroud, wanda bai ci ƙwallo ko ɗaya ba a duk gasar. Ba na ganin wannan a matsayin gazawar Deschamps. Mutum ne da ya san iya abin da kwanakin da aka ba shi za su ɗauka. Amma a sa wannan tsarin gaban City ko Liverpool ta Klopp a lokacin da suke ganiyarsu, mako bayan mako, za a ga inda ya tsaya.

Na biyu kasuwa ce. Kulob in ya ga ɓaraka sai ya je ya sayo abin toshe ta. Liverpool ta ga bayanta na yoyo, ta biya fam miliyan 75 ta ɗauko Virgil van Dijk a Janairun 2018. Kura-kuran mai tsaron raga suka kayar da ita a wasan ƙarshe na Zakarun Turai da Real Madrid a watan Mayu, ta sayo Alisson a bazarar. Shekara na zagayowa ta ɗaga kofin. Ƙasa ba ta da wannan damar, abin da aka haifa mata ko wanda ke da asali da ita, da shi za ta yi yaƙi. Ingila ta shafe shekaru tana da 'yan tsakiya uku na gani na faɗa, Scholes da Gerrard da Lampard, ba ta da na gefen hagu, har aka tura Scholes can a gasar Turai ta 2004 inda ba gidansa ba. Da kulob ne da tuni an sayar da ɗaya an sayo mai ƙafar hagu. George Weah ya ci Ballon d'Or a 1995, amma Laberiya ba ta iya sayo masa abokan aiki ba, har ya yi ritaya bai taka Kofin Duniya ba. Norway ta yi tun daga 1998 ba ta je ba, sai da Haaland da Ødegaard suka samu waɗanda za su tallafa musu.

Wannan rata ba ta daɗe haka ba. Celtic da ta ci Kofin Turai a 1967, duk 'yan wasanta an haife su ne a Glasgow da kewayenta. A wancan zamani tawagar ƙasa ita ce ke tattara gwanayen kulob-kulob wuri guda, don haka a takarda ta fi kowane kulob. Hukuncin Bosman, wanda kotun Turai ta yanke a Disamban 1995, ya rushe ƙayyade yawan 'yan wasan ƙasashen Tarayyar Turai, kuɗin talabijin kuma suka biyo baya. A Disamban 1999 Chelsea ta fito da mutum 11 babu ɗan Birtaniya ko ɗaya. A 2010 Inter ta Mourinho ta ci Zakarun Turai ba tare da ɗan Italiya a cikin waɗanda suka fara wasan ƙarshe ba. Yau ƙasa tana zaɓa daga cikin 'ya'yanta, babban kulob yana zaɓa daga duniya baki ɗaya. Dattijon da ya ce a zamaninsa Brazil ta fi kowane kulob yana iya kasancewa da gaskiya, matashin da ya ce yanzu ba haka ba ne shi ma yana da tasa.

Amma hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce wannan: idan ka duba tawagogin ƙasashen da suka fi burge duniya, sau da yawa za ka tarar kulob ne ya sauya riga.

A Mayun 1947 Italiya ta doke Hungary 3-2 da 'yan Torino goma a fili, gola kaɗai ne daga Juventus. Hungary da ta lallasa Ingila 6-3 a Wembley a 1953 an gina ta ne a kan Honvéd, kulob ɗin Puskás da Kocsis da Bozsik. Jamus ta Yamma ta ci Kofin Duniya na 1974 da 'yan Bayern Munich shida a wasan ƙarshe, ta doke Holan da salonta ya fito daga Ajax. Valeriy Lobanovskyi ya riƙe Dynamo Kyiv da tawagar Tarayyar Sobiyet a lokaci guda, ya kwashi yaransa ya kai ƙasar wasan ƙarshe na gasar Turai a 1988. Jamus da ta yi wa Brazil 7-1 a 2014 ginshiƙinta Bayern ce: Neuer, Lahm, Boateng, Schweinsteiger, Kroos, Müller. A nahiyarmu, Masar ta Hassan Shehata da ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010, ƙashin bayanta Al Ahly ne. Ta riƙa doke Kamaru da Kodebuwa da Ghana masu manyan sunaye a Turai, alhali yawancin 'yan wasanta a gida suke buga ƙwallo. Saudiyya da ta ba Ajantina mamaki da 2-1 a Qatar, tara daga cikin waɗanda suka fara wasan 'yan Al Hilal ne.

Sifaniya ta 2010 ta fi dacewa a tsaya a kanta, domin ita ce ta fi kusa da ba mu gwajin da muke nema. A wasan ƙarshe da Holan a Johannesburg, cikin mutum 11 akwai Piqué, Puyol, Busquets, Xavi, Iniesta da Pedro, duk na Barcelona, ga David Villa wanda ya riga ya sa hannu zai koma can. Bakwai ke nan. Wannan tawagar ta ci kofin da ƙwallo takwas kacal a wasa bakwai, wasanninta huɗu na sili-ɗaya-ƙwale duk 1-0 ta ci su. Mutanen nan bakwai suka koma Barcelona, inda suka haɗu da Dani Alves da Abidal da Mascherano da Messi. A Nuwamban shekarar suka zuba wa Real Madrid 5-0, Madrid ɗin da ke da Casillas da Ramos da Xabi Alonso, wato sauran manyan Sifaniya, ga kuma Cristiano Ronaldo. Suka ci ƙwallo 95 a La Liga, suka kammala kaka da doke Manchester United 3-1 a Wembley. Zakarun duniya ne aka ƙara musu Messi, aka kuma ba su atisayen kullum. Ban ga ta inda za a ce Sifaniya ta fi wannan Barcelonar ba.

To, shi ke nan an gama magana? A'a, akwai inda ƙasa ke da ƙarfin da masu goyon bayan kulob ke rainawa.

Na farko, ƙasashe kaɗan suna da zurfin da ya wuce misali. Faransa ta je Qatar babu Pogba, babu Kanté, babu Nkunku, babu Kimpembe, Benzema mai riƙe da Ballon d'Or ya ji rauni ana gab da farawa, Lucas Hernandez ya fita a wasan farko. Duk da haka sai da ta kai wasan ƙarshe, a bugun fenariti aka rabu. Kulob nawa ne zai rasa mutum shida irin waɗannan ya kai ƙarshen Zakarun Turai? Kuma babu mai iya saye mata ɗan wasa, babu wanda kwantiraginsa zai ƙare.

Na biyu, tarin taurari a kulob ba ya nufin an zama tawaga. Paris Saint-Germain ta haɗa Messi da Neymar da Mbappé, taron tsintsiya ba shara. Wata uku bayan Messi ya ɗaga Kofin Duniya, Bayern ta fitar da su a zagayen 'yan 16 na Zakarun Turai ba su ci ko ƙwallo ɗaya ba a wasa biyu. Ajantina ta Scaloni, inda De Paul da Mac Allister da Enzo Fernández da Julián Álvarez suka yarda su yi gudun da Messi ba zai yi ba, ta fi waccan PSG zama abu guda, kuma ina ganin da za ta doke ta. Sai da ukun duk suka tafi sannan Luis Enrique ya gina ƙungiyar da ta ragargaji Inter 5-0 a wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2025. Wannan bai karya hujjar lokaci ba, ya dai nuna cewa kulob na iya samun lokacin ya ɓarnatar da shi.

Na uku, kuma mafi girma, wasa ɗaya ba kaka ba ce. Ƙwallon ƙafa wasa ne da ba a cika cin ƙwallaye da yawa ba, don haka mai rauni na iya tsallake minti 90. Wigan ta doke Manchester City a wasan ƙarshe na kofin FA a 2013, kwana uku bayan haka ta faɗi daga Firimiya. Sheriff ta Moldova ta ci Real Madrid a Bernabéu a 2021, a kakar da Madrid ta ɗauki Zakarun Turai. Idan waɗannan za su iya, me zai hana Faransa? Kuma abin da tawagar ƙasa ta fi iyawa, wato ta ja baya ta toshe ƙofofi ta jira dama ɗaya, shi ne ainihin abin da ke ba manyan kulob wahala. Girka ta ci gasar Turai ta 2004 da 1-0 sau uku a jere. Walid Regragui ya karɓi Maroko a ƙarshen Agustan 2022, ƙasa da wata uku kafin gasa, amma har ta kai wasan kusa da na ƙarshe ƙwallo ɗaya ce ta shiga ragarta, ita ma ɗan wasanta ne ya ci gida. Sifaniya ta yi mata fasin sama da dubu, ba ta ga raga ba. Tsaron gida ya fi saurin koyuwa a kan kai hari, kuma kishin ƙasa yana sa mutum ya jure gudun da ba zai jure wa albashi ba. Wanda ya ga yadda Sofyan Amrabat ya bi Mbappé da gudu tun daga tsakiyar fili ya ƙwace ƙwallo a wasansu da Faransa ya san ba tatsuniya ba ce.

Saboda haka amsar ta danganta da irin gasar da aka shirya. A haɗa manyan kulob goma da manyan ƙasashe goma a yi lig na gida da waje, amma kowace ƙasa ta ci gaba da haɗuwa kwana uku kafin wasa kamar yadda ta saba: ina sa ran kulob-kulob ne za su mamaye saman teburi, Faransa da Sifaniya da Ajantina su kutsa tsakiya, sauran su taru a ƙasa. A mayar da ita gasar wata ɗaya ta sili-ɗaya-ƙwale, a ba ƙasashe sansanin mako uku: har yanzu kulob zan ba rinjaye, amma ba da tazarar da zan yi rantsuwa a kai ba. In kuwa aka ce a ba Faransa wata goma tana atisaye kullum, to ba ƙasa ake gwadawa da kulob ba kuma, an mayar da ita kulob ne, kuma za ta iya zama cikin mafi ƙarfi a duniya. Duk wannan magana ce ta ƙasashe biyar ko shida. FIFA na da mambobi 211, kuma mafi yawansu ko kulob na tsakiyar teburin Firimiya zai wahalar da su.

Abin da ya sa wannan musun ya dame ni fiye da hirar gidan kallo shi ne Super Eagles. Kullum muna lissafa sunaye muna mamakin sakamako. Osimhen ya zama gwarzon Afirka a 2023, Lookman ya gaje shi a 2024 bayan ya ci ƙwallo uku rigis a wasan ƙarshe na Europa. Sai mu ce ta yaya masu irin waɗannan mutane za su yi canjaras da Lesotho a Uyo? Lookman da muka gani a Atalanta a wancan lokacin yana cikin tsarin da Gasperini ya shafe shekaru yana ginawa, ya san inda kowa zai tsaya kafin ƙwallo ta iso shi. Wanda ke sauka a Uyo ranar Talata mutum ɗaya ne cikin waɗanda suka taho daga lig daban-daban, kowa da karatun da kocinsa ya yi masa. Abin da kaɗai zai iya maye gurbin atisayen kullum shi ne a bar koci ɗaya da gungun 'yan wasa ɗaya su daɗe tare, kwana goma-goman nan su taru su zama wani abu. Mu kuwa a wasannin neman gurbin Kofin Duniya na 2026 kaɗai, Peseiro ya fara, Finidi George ya karɓa, Eric Chelle ya ƙarasa.

Dubi waɗanda muka yi rukuni ɗaya da su. Afirka ta Kudu ta ɗauki Hugo Broos a 2021 ta bar shi a kan aiki, shi kuma ya jingina da kulob ɗin ƙasar, Mamelodi Sundowns. Ranar da suka fitar da Maroko da 2-0 a kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa, mutum takwas cikin 11 'yan Sundowns ne. Da muka haɗu da su a Bouaké a wasan kusa da na ƙarshe, a Fabrairun 2024, duk da Osimhen da Lookman da Iwobi, 1-1 aka tashi bayan ƙarin lokaci, sai da Nwabali ya tare fenariti biyu muka wuce. A neman gurbin Kofin Duniya kuwa, inda wasa goma ake bugawa ba ɗaya ba, FIFA ta zaftare musu maki uku saboda sun sa ɗan wasan da ke ƙarƙashin dakatarwa, amma duk da haka su suka ƙare a saman rukunin da maki 18, Najeriya na biye da 17.